Shanu Su Shiga, Makiyayi Ya Tsaya

A rumfar mahauta ta kasuwar unguwarsu a Garoua, babu wanda ya kai Zaharaddin sanin abin da ke damun ƙasa. Shi ya faɗa da bakinsa, ya kuma yi ta nanatawa har abokan sana'a suka laƙaba masa Minista. Su don tsokana suka yi, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. In ka kira shi da sunansa na yanka ma sai ya yi kamar da wani kake.

Teburinsa ne na farko daga bakin ƙofa, duk mai shigowa da kwando sai ta gitta ta gabansa kafin ta ga naman kowa. Mahaifinsa ya tsaya a wurin shekara talatin da ɗoriya, shi ma yana neman cika ashirin. Da teburin nan aka yi masa aure, da shi yake riƙe da matarsa Luba da 'ya'ya biyar. Mahauta da yawa sun daɗe suna haɗiyar yawu a kansa, musamman Youssouf, wanda nasa teburin yake can ƙurya kusa da kwata, inda ƙudaje suka fi masu saye yawa.

Ilimin Minista duk daga wata ƙaramar rediyo yake fitowa, wadda yake ratayewa a ƙugiya kusa da cinyar sa. A nan yake jin 'yan siyasa suna cacar baki da Faransanci. A kalma biyar yakan kama ɗaya, sauran huɗun ya cike daga kansa, kuma nasa sun fi na masu maganar zafi.

A shekarar kayan abinci suka yi tsadar da ba a saba gani ba. Shinkafa ta hau, man gyaɗa ya hau, albasar da ake nomawa nan kusa ma ta fara jan aji. Wata Lahadi da yamma Luba ta dawo daga kasuwa, ta ɗaga masa leda da yatsa ɗaya.

"Baban Kausar, ga abin da kuɗin cefanenka suka sayo."

"Baƙi ne suka jawo," in ji shi, ko kallon ledar bai yi ba.

"Baƙin ne suka ce ka riƙa ba ni kuɗin bara a bana?"

"Ke ba ki san ekonomi ba, Luba. Bakuna ne suka yi wa ƙasa yawa."

"Bakunan da ke cin tuwona duk na san su, kuma naka ya fi kowanne faɗi."

Ya yi tsaki ya bar mata tsakar gidan. Mace, a ganinsa, ba ta hango abin da ya wuce murhu.

Washegari rediyo ta yi masa muhawara a kan masu shigowa ƙasa ba takarda, sai abin ya motsa shi. Bayan ciniki ya lafa ya hau kan kututturen sara, ya buga bayan wuƙa a tebur. Mahauta suka juyo. Sarkin Fawa Mahamman, tsohon da ke raba tebura da sasanta rigima a rumfar, yana zaune a kujerarsa yana ɓare goro.

"Ku saurara in yi muku bayani a sauƙaƙe, tunda ba kowa Allah ya ba fahimta ba. Ƙasa kwano ce. Mutum goma ke ci, sai ga ashirin sun tsallako daga Chadi, talatin daga Najeriya, ba kat na ɗan ƙasa, ba paspo, ba sallama. Kowa ya zura hannu. Ina tuwo zai kai? Wannan shi ake kira enflasiyo."

Daga ƙurya Youssouf ya ce, "Minista, san da ka yanka jiya daga ina ya zo?"

"Daga Chadi."

"Shi kaɗai ya taho yana tambayar hanya?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Zaharaddin ya jira su ta irin haƙurin malami da ɗalibai marasa ƙwaƙwalwa.

"A nan jahilcinku yake. Sa daban, mai koro shi daban. Sa nama yake kawo mana, makiyayi kuwa ciki yake kawowa. Abincinsa da shayinsa da sukarinsa duk a kan kuɗin sa yake ɗorawa, mu kuma mu ɗora wa mata. Ku ba ni ƙofar kara, kasuwar shanu, rana ɗaya tak, jibi Laraba. Duk wanda ba shi da takarda ba zai taka ba. Ranar Jumma'a kilo zai sauko."

"In bai sauko ba fa?"

"In bai sauko ba, ni na sauka daga teburin nan."

Nan kowa ya dubi hannunsa, domin yana kan wuƙa. A wajen mahauta magana iri biyu ce. Akwai ta baki, wadda ake yi a manta, akwai wadda aka yi hannu na kan wuƙa a gaban Sarkin Fawa, ita ba a janye ta.

Sarki ya ajiye goronsa. "Zaharu, ɗauke hannunka daga wuƙar nan, sannan ka sake faɗa."

"Ranka ya daɗe, a bar shi inda yake."

"Teburin ubanka ne fa. Kuma ƙofar kara ba tawa ba ce, ta komin ce, hukumar gari."

"Ni da komin mun san juna."

Sau uku tsohon ya ba shi hanyar fita, sau uku yana ƙara danna wuƙa. Da ya sauko daga kututture ya hango Youssouf yana auna teburin da ido, tsawo da faɗi. A nan ya ji tsoro na gaske ya ratsa shi. Sai ya ƙara wa rediyo murya, tsoron ya wuce.

Kasuwar Laraba a bakin gari take ci. Kara, inda ake cinikin shanu, tana hannun dama, 'yan kayan miya da hatsi suna hannun hagu, ƙofa kuma ɗaya ce. Da hantsi Zaharaddin ya iso kai tsaye daga mayanka, ya ɗora babbar riga a kan kayan aikinsa. Ya zo da igiyar ɗaure rago, da usur na 'yan ƙwallo, da wani jan ƙyalle da ya yago daga tsohon zanin Luba ya ɗaura a dantse. Ya gindaya igiyar daga wannan turke zuwa wancan.

Édouard, ma'aikacin komin da ke yanka tikiti a ƙofar, ya dube shi ta saman tabarau.

"Patron, wannan kuma umarnin wa?"

"Daga sama."

Édouard ya ɗaga kai sama, bai ga komai ba sai wata shirwa tana shawagi. "Bon. Ni dai tikiti nake yanka." Ya ja kujerarsa inuwa, inda zai fi ganin komai da kyau.

Wadda Allah ya fara kawowa ita ce Ache mai kifi, tsohuwar da ke sarin banda daga Yagoua tun Zaharaddin yana rarrafe. Tana ɗauke da kwando a ka.

"Tsaya, Iya. Kat."

"Kat ɗin me, Zaharu? Ni ce fa."

"Doka ba ta san ni ce ba."

Ta kwance bakin zani ta fito da wata 'yar takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar ganyen kuka. Resepise ce, takardar wucin gadi da ake riƙewa kafin katin ya fito. Ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ai ta mutu."

"Ni ban mutu ba. Je ka tambayi waɗanda suka ce in dawo wata uku, yau shekara huɗu."

"To ta ya zan san ke 'yar ƙasa ce?"

Ache ta sauke kwando, abin da ba ta yi sai za a yi ta ta ƙare. "Kai ɗan Bahaushe, ni kake tambaya? Kakanka da ya zo garin nan da jaki da buhun kanwa, wa ya nuna wa kat?"

"Kakana ya zo tun ba a ƙirƙiro takarda ba."

"Nawa ya tarar yana kamun kifi, ya sayar masa."

Mutanen da suka fara taruwa suka yi shewa. Ta ɗora kwandonta, ta ɗaga igiyar da hannu ɗaya ta wuce. Zaharaddin ya gyara jan ƙyallensa ya sanar da jama'a cewa ya yi mata afuwa saboda shekaru.

Daga nan ya ƙudura ba zai sake sassauci ba. Wata kamiyo, babbar motar kaya, ta iso daga Guider maƙil da albasa da buhunan shinkafa, masu dako goma sha biyu suna biye da ita a guje kamar kullum. Ya busa usur, ya jera su. Babu mai takarda ko ɗaya. Wasu daga Chadi, wasu daga Najeriya, wasu ma haifaffun ƙauyukan nan kusa ne waɗanda ba a taɓa rubuta haihuwarsu ba. Duka ya kora su. Su kuwa ko gardama ba su yi ba, suka koma gindin darbejiya suka miƙe ƙafa, ɗaya ya fito da karta.

Kamiyo ta tsaya daf da ƙofa ba mai sauke ta. Mai kayan, wani Alhaji gajere mai saurin fushi, ya diro yana huci.

"Wa zai sauke mini kaya?"

"'Yan ƙasa."

"Ina suke?"

Zaharaddin ya waiga. 'Yan ƙasa suna nan tsaye da yawa, kowa ya harɗe hannu. Babu wanda ya fito da niyyar ɗaukar buhu a ranar.

"Sai shugaba ya nuna misali," in ji shi. Ya naɗe hannun riga, ya juya baya, ya ce direba ya sako masa buhun shinkafa. Buhu ya sauka, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Ya yi taku biyu gaba, uku baya, ya zauna daɓas, buhun ya bi ta kansa ya daki turken ƙofa ya fashe. Kafin ya miƙe mata sun durƙusa da bakin zani, kaji sun taya su.

"Wa ya ce Minista ba ya aiki," in ji wata. "Ga shinkafa ta sauko har ƙasa."

Cikin sa'a guda labari ya shiga kasuwa cewa sabuwar albasa ba za ta shigo ba. Masu ragowar ta makon jiya suka ninka kuɗinta. Chantal mai tumatir ta ga haka ita ma ta ƙara wa nata, da aka tambaye ta dalili ta ce ba za a bar ta a baya ba. Zaharaddin ya kuma kori wani mai sayar da fetur a kwalabe, wanda 'yan moto masu haya da babur ke sha a wurinsa, nan take kuɗin kai kaya gida ya tashi. Mata suka fara zuwa bakin igiya suna faɗa masa maganganun da ba a rubutawa.

"Alamar nasara ce," ya ce da Édouard. "Magani in ya fara aiki sai jiki ya yi zafi."

"Wala, haka ne," in ji Édouard, yana ɓare gyaɗa.

Wajen azahar mahautan gari suka hallara don sayen shanun mako, Sarkin Fawa a gaba, Youssouf a bayansa. Ba su daɗe ba garken farko ya bayyana a kan hanya. Bijimai arba'in ne jajaye, ƙahoninsu kamar hannun mai addu'a, sun yi kwana ashirin suna tafiya amma tozonsu a tsaye. Mai koro su wani siririn mutum ne mai rawani, sunansa Adoum, duk mahautan sun san shi. A can baya kuma ana hango wasu garkuna uku.

Zaharaddin ya ji ranarsa ta zo. Ya busa usur, ya ɗaga hannu.

"Takarda."

Adoum ya yi sallama, ya zaro wata leda daga ƙirjinsa ya miƙa. Takardu ne masu kyau, hatimi a kan hatimi. Zaharaddin ya dube su yana gyaɗa kai, sannan ya miƙa wa Édouard, wai don shi ma ya koyi aiki.

"Na shanu ne," in ji Édouard. "Likitan dabbobi ya duba su a kan iyaka, ya yi musu allura, ya ba su izinin wucewa. Arba'in cif."

"Madalla. Naka fa?"

Adoum ya buɗe tafin hannu. "Katkat mafi. Ni babu takarda. Shekara goma ina zuwa, shanu ake tambaya."

Zaharaddin ya juyo ga jama'a, fuskarsa tana walƙiya don murna. "Kun gani da idonku? Dabba ta bi doka, mutum ya ƙi. To ga hukunci. Shanu su shiga, makiyayi ya tsaya."

"Wa zai shigar da su?" in ji Youssouf.

"Ni."

Sarkin Fawa ya yi gyaran murya. "Zaharu, shanun daji ne."

"Ranka ya daɗe, shanun da suka bi ta hannuna sun fi dubu biyar. Babu abin da ban sani ba a jikin sa, daga harshe har wutsiya."

Gaskiya ya faɗa. Ya san sa daga ciki, ya san inda hanta take da inda tumbi ya kwanta. Abin da bai tuna ba shi ne, duk san da ya taɓa haɗuwa da shi a duniya, a ɗaure yake ƙafa huɗu, ƙarti uku sun danne shi.

Adoum ya dubi Sarki, Sarki ya ɗauke kai. Sai ya miƙa wa Zaharaddin sandarsa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ya akhuy, ɗan'uwa, babban nan na gaba shi ne uba. Kada ka bi ta hagunsa. Kada ka yi ihu. Wannan abin bakinka kuma, kada ka busa."

"Ka ji baƙo zai koya mini aiki a ƙasata."

Adoum ya koma gefe, wajen igiya, ya tsuguna. Zaharaddin ya kwance igiyar ya yar a ƙasa, ya zagaya ta hagun babban bijimin, domin ta nan ne babu kashin shanu a ƙasa.

Bijimin ya ɗaga hanci. Babbar riga ta rufe kayan aiki, amma ba ta rufe warin mayanka ba, jinin safiyar nan ma yana nan a wandonsa. Bijimi ya yi huci, na bayansa suka ɗauka, garke duka ya fara ja da baya yana karkaɗa kunne.

"Kai, ku wuce dama," in ji Zaharaddin, ya ɗaka wa uban sanda a gindi. Da ya ga ba su gane Hausa ba, sai ya cika kumatu ya busa usur iya ƙarfinsa.

Shanu suka shiga, amma hagu suka yi.

Teburin Chantal suka fara samu, tumatir ya yi sama ya dawo. Mai man gyaɗa ya rungume jarka ɗaya ya bar tara, sai ga mai yana malala, bijimai suna zamewa a kai, mutane suna zamewa a bayansu. Mai ƙwai bai ma gudu ba, ya zauna ya dafe kai. Wani sa ya zura ƙaho a rumfar 'yan barkono ya fito da buhu a ka, duk inda ya bi sai atishawa. Ache ta hau kan turmi tana kare kifinta da taɓarya, tana kiran sunan Zaharaddin da na kakanninsa ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa Minista, uban garke bai bi sauran ba. Shi ya zaɓa. Suka zagaya kamiyon albasa sau biyu, a na uku ƙaho ya kama babbar riga ya raba ta gida biyu. Mutumin da ɗazu ya kasa taku uku da buhu, sai ga shi ya haye saman kamiyo ko tsani bai nema ba. Ya zauna a kan albasa, hula babu, takalmi ɗaya, bijimi yana ƙasa yana tonon ƙasa da kofato.

Jama'ar da suka tsira suka taru a bakin ƙofa, wasu kan katanga, wasu kan bishiya tare da masu dako.

"Minista, ka kira makiyayi," in ji Youssouf daga kan katanga.

"Komai yana ƙarƙashin kulawa."

Bijimi ya daki kamiyo, albasa ta motsa, Zaharaddin ya kwanta rub da ciki.

"Adoum," ya kira, muryarsa ta zama siririya. "Malam Adoum."

"Na'am."

"Shigo."

"Ka ce in tsaya."

"Na ba ka izini na musamman."

"A rubuce?"

Duk da ɓarnar da ake ciki, sai da mutane suka yi dariya. Chantal ta ce a bar shi a can sama har ya yi tsiro.

"Don Allah, ɗan'uwa," in ji Zaharaddin. A wannan karon babu Minista a muryar, roƙo ne tsagwaronsa.

Adoum ya miƙe, amma bai tsallake igiyar da ke yashe a ƙasa ba. Daga inda yake ya dunƙule hannu a baki ya yi wani kira mai tsawo daga can ƙasan maƙogwaro. Uban garke ya ɗaga kai, ya juya ya bar kamiyo kamar bai taɓa ganin ta ba. Sauran suka riƙa fitowa daga tsakanin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, wani da ganyen kabeji a baki, wani da kwando a ƙaho, suka taru a bayansa. Ya bi su da ido, ya shafa ƙafar wani da ke ɗingishi, fuskarsa ta ɓaci. Ya ɗauki sandarsa daga inda aka yar da ita, ya juya kan garke zuwa hanya.

Mahauta suka diro suka bi shi. "Haba Adoum, a yi haƙuri. Dawo a yi ciniki."

"Akwai kasuwa a gaba," in ji shi. "Can kuɗin sa ake tambaya. Kalas, an gama."

Garkuna ukun da ke baya sun ga komai daga nesa. Da Adoum ya isa wurinsu aka yi 'yar magana, su ma suka juya. Abin da ya rage a kara ranar shi ne wasu tsofaffin shanu biyar na ƙauye, masu haƙarƙari a waje, mahauta talatin suna rububinsu. Youssouf ya samu ɗaya da ƙyar.

Zaharaddin ya so ya kwana a kan albasa, amma Alhaji mai kaya ya jawo shi ta ƙafa. Mata suna jira a ƙasa da tumatirin da shanu suka tattake. Suka yi ta jifansa, ba su bar ko ɗaya ya tafi a banza ba. Da ya nemi Édouard ya shaida cewa aikin hukuma yake yi, Édouard ya ce shi tun safe kansa yana kan tikiti.

Ranar Jumma'a da safe rumfar mahauta ta cika, har da waɗanda ba nama suka zo saye ba. Ƙugiyoyi yawanci a wofi suke. Kilo ya tashi daga sefa dubu uku zuwa dubu huɗu da ɗari biyar, shi ma sai kana da sani. Zaharaddin ya hau kututturensa, goshi a kumbure.

"Jama'a, sakamakon nan ya tabbatar da maganata. Da baƙi suka zo sun jawo tsada, da suka tafi sun jawo tsada. Kun ga ke nan duk ta inda aka bi, su ne."

"To su zo ne ko su tafi?" in ji Youssouf.

"Ana kan nazari."

Sarkin Fawa bai yi dariya da sauran ba. "Zaharu, kilo ya sauko?"

"Ranka ya daɗe, a ekonomi sai abu ya hau tukuna kafin..."

"Ya sauko?"

"Bai sauko ba."

"Hannunka yana kan wuƙa?"

Zaharaddin ya duba rumfar ko zai ga mai cewa wasa ne. Kowa ya sunkuyar da kai, domin yanzu abin ya daina ba da dariya.

"Yana kai," in ji shi a hankali.

"To Allah ya jiƙan mahaifinka. Youssouf, kawo namanka gaba."

Ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma, ya sauke rediyo daga ƙugiya, ya fita ta ƙofar da ke taku biyu daga teburin.

A gida Luba ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ido jawur. Washegari da safe ta miƙa masa kwando da 'yan kuɗi a ƙulle.

"Baban Kausar, tunda yau ba ka fita aiki, yi mana cefane. Ni ba zan iya shiga kasuwar nan ba, matan duk sun san matar wa ce ni. Yara kwana uku ba su ga nama ba."

Ya zagaya duk inda zai zagaya, babu nama ko'ina sai a tebur ɗaya. Ya shiga layi a bayan mata bakwai, kwando a hannu, yana kallon ƙasa. Daga nan wurin bai taɓa ganin teburin ba. Ashe yana da tsawo haka.

Da layi ya zo kansa Youssouf ya ɗago.

"Na nawa za a ba ka, Zaharu?"

"Kwata."

Youssouf ya yanka, ya ɗora a sikeli, ya naɗe a takarda. 'Yar ƙullin ba ta cika tafin hannu ba. Sannan ya dubi kwandon, ya sake ɗaukar wuƙa ya yanko wani ɗan kitse da guntun ƙashi, gyaran da mahauci ke ƙara wa wanda ya ga kuɗinsa sun gaza. Ya miƙo masa.

Zaharaddin ya buɗe baki zai ce ba ya buƙata. Sai ya tuna mutum bakwai ne ke jiran tukunyar. Ya rufe bakin, ya miƙa kwando.